Ƙafar da Ka Aiko Ta Ci Yatsana

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwar Dogo da sauran yara, ya kuma tsare ku daga wulaƙancin baƙunta. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Yayarmu ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Mai ɗakina tana nan, ba ta yi min magana, sai dai ta dire min kwano ta wuce. Maƙwabcina mai kemis ne ke rubuta min, na kuma gargaɗe shi kada ya zuba wa maganata sukari. Ka san kai aka kai makaranta, ni aka ɗaure a gindin keken Baba ina ɗinka abin da za ka ci.

Na san ɗanka Dogo, da muke ɗinki shago ɗaya, ya riga ni kai ƙara ta waya, to ga nawa. Ko ka manta, bargon da muke ɗinkawa hawa uku ne: yadi a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa. Haƙoran keke na ƙasa kaɗai suke ja, na sama sai ya riƙa ja da baya, in ba a kula ba ƙarshen bargo ya tattare. Shi ya sa Baba ya koya min tura na saman da manunina na hagu, dab da allura. Tun kana yawo ba wando nake haka, allura ba ta taɓa lasar jinina ba. Sai ga ka ka aiko wa yaron nan wata ƙafar keke mai haƙoranta a jiki, tana ɗagawa tana takawa kamar agwagwa, wai ita ke jan na sama. Ko ka ce a nuna min, ni yayanka, ba ka yi ba. Ya ɗaura ta a kekensa na lantarki, kullum sai wa'azi: ga ɗinkin miƙe, ga zigizaga amma kada ya fi bakin ƙafar faɗi, ga mai igiyar ruwa, wai kuma ba ta son komawa baya. Na ce ya riƙe agwagwarsa can. Sai ya buɗe baki ya ce bargunana sun fara tattarewa, ai shi ya sa matar nan mai masaukin baƙi ta dawo da ɗaya. Ƙarya ne. Gadonta ne a karkace.

Ranar da abin ya faru na shigo da safe, farin bargo na kan keken Baba inda na bar shi. Ashe ɗan naka ya riga ni zuwa, ya cire ƙafar Baba ya ɗaura taka, wai zai sauƙaƙa min in gani da idona. Idon nawa kuwa ya san ba ya ganin ƙananan abubuwa yanzu. Na yi bisimilla, na taka, na kai yatsa inda ya saba zuwa. Ƙafar ta ɗaga ta haɗiye shi. Allura ta shiga ta farce ta fita ta ƙasa, kuma ka san keken Baba in ya ɗau gudu ba ya tsayawa don an yi ihu. Ta sake shiga, na ji ta ci ƙashi ta karye a ciki. Ina maƙale kamar ɓera a tarko, jini na bin ɗinki.

Dogo ya taso a guje zai juya min keken. Da hannun dama na laluba sandar awo, mai bakin ƙarfen nan, na sauke masa a goshi. Na ƙara masa a baki, haƙori ya faɗo kan bargo. Na ce masa abin da na ce, mai kemis ya ƙi rubutawa. Ya shaƙe min wuyan riga har numfashina ya ɗauke, ya ɗaga hannu, na ce bismillah, daki uban da ya goya ubanka. Sai ya kai wa madubin shago naushi, gilashi ya watse har bakin titi. Mai faci da mai wanki suka shigo rabo, ya hankaɗe mai wanki cikin buhunan auduga. A haka, jini na rufe masa ido, ya durƙusa ya kwance ƙafar, ya sa filaya ya zare min guntun allurar, ya ajiye min a tafin hannu, ya fita. Ni kuma na ɗauki guduma na ɗora ƙafar taka a dokin ƙofa, na yi ta duka har sai da ta koma kamar murfin kwalba da mota ta taka.

Asibiti na ce ba ni zuwa. Na zuba man keke na ɗaure da ƙyalle yadda Baba ke yi. Yatsa ya kumbura ya yi baƙi, ya fara wari, Yaya ta zo ta ja ni kamar akuya. Likita ya guntule gaɓar sama. Yanzu kowa ni ne mai laifi a bakinsa. Dogo yana kwana garejin abokinsa makanike, goshi a ɗinke, wai yana haɗa kaya zai taho wurinka. Yaya ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, in je in ba shi haƙuri. Na ce wanda ya taɓa keken mutum bai tambaya ba shi ke bayar da haƙuri, ko zan mutu ba ni taka garejin nan.

Jiya na mayar da ƙafar Baba na zauna. Yatsan tsakiya bai san aikin ba, yana ganin allura sai ya noƙe. Abin da na ɗinka ya tattare kamar goshin mai bin bashi. Na farke, na sake, haka. Shago ne tun na Baba, kuma hannu ɗaya da rabi ba ya riƙe shi.

Saboda haka, tunda kai ka jawo, ka aiko da wata ƙafar irin waccan. Ba don ina so ba. Kuma ka sani duk layin nan ba wanda ya iya ɗaura ta sai mutum ɗaya, don haka in ya ce zai taho, ka ce masa ba ka da wurin kwana. Makullinsa na nan rataye a ƙusarsa, haƙorinsa na cikin gwangwanin maɓallai. Farin bargon kuwa mai wanki ya wanke ya gaji, tabon ya ƙi fita. Na shimfiɗa shi na duba da kyau don in nuna wa Yaya wanda ya fi zubar da jini, na kasa gane nawa da nasa. Ka gaya masa haka, kada ka ƙara ko kalma ɗaya.

Ka gaida uwar Dogo, ka ce ta rage tsine min, ɗanta da ransa. Ka gaida Gajere da Auta da mai sunan Inna. Yaya na gaishe ku. Mai ɗakina ma na san tana gaishe ku, ko da yake ba ta bakina ba.

Ni ne yayanka, ko ka so ko ka ƙi.