Gurbi Ɗaya Da Ya Rage

Zuwa ga abokina Ɗantani, a inda kake kwance.

Gaisuwa mai yawa, da fatan hutu ya karɓe ka. Ni ne Bawa. Kada ka yi mamakin takarda daga wajena, har yau ban san baƙi ba. Malam Yohanna, tsohon hedimasta, shi ke riƙe da biro ina faɗa, ya kuma ce zai ɗora a waya mutanen gari su karanta. Su karanta.

Ka tuna shekarar da aka canja hannun tuƙi, motoci suka koma dama? A wannan daminar muka haɗa ƙungiyarmu ta golmo, noman da samari ke yi wa iyayen 'yan matan da za su aura. Ni ne shugaba. To maganar wannan damina ce ta taso, kuma ba za ka taɓa cinkar daga inda ta taso ba. Daga Kanada.

Saratu, ɗiyar ɗana Ishaya, wadda ka bari tana koyon tafiya, tana can. Ta yi karatun lissafi, wata ƙungiyar wasa ta ɗauke ta aiki. Wasan kuwa a kan ƙanƙara ake yinsa! Ruwa ya daskare faɗin gona, ƙarti su sa takalmi mai wuƙa a ƙasa suna sulu. Kowa da sanda mai lanƙwasa kamar ƙotar fartanya, suna korar wata baƙar ƙwallo mai faɗi da ba ta fi waina ba. Mutum shida-shida. Mai tsaron raga an naɗe shi kamar dilar auduga. Wanda ya gaji ya tsallake katanga, wani ya diro, wasa bai tsaya ba. Da mun san wannan dabara a golmo, da bayana bai lalace ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗaukar sababbin yara. Sau ɗaya a shekara ake jera matasan da suka isa, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke fara zaɓe. Ka ji adalci? Na tambaye ta sau uku ko na ji daidai. Su Saratu sun sha kashi bana, saboda haka suna gaba-gaba.

Yara biyu suke dubawa. Ɗaya mai cin raga ne, ɗaya mai tsaron baya. Jibi manyan ƙungiyar za su zauna, kuma karon farko ke nan da aka ce ta buɗe baki ta faɗi nata. In ta faɗi daidai, za su riƙa jin ta. In ta kuskure, ta koma ƙirga abin da wasu suka zaɓa. Shi ne ta kira ni ranar Lahadi bayan sujada. "Maigidana, kai da kake fariyar ka san namiji daga tafiyarsa, zaɓar mini." Na ce amarya, turo mini hotunan wasansu a waya.

Ɗantani, da ka ga mai cin ragar nan. Yana ratsa mutum uku kamar kifi a ruwa. Ban gama kallo ba na aika mata cewa shi za a ɗauka, kada ma ta ɓata wa mutane lokaci.

Washegari ina gyara kunyoyin gonar da ke bayan gidana sai na tsaya da garma a hannu. Ban tambaye ta abin da suka rasa ba. Da ta kira na tambaya. Ta ce masu cin raga suna da su har sun yi yawa. Baya ne a buɗe, su ci uku a zura masu biyar.

Ka ga inda ka shigo?

Gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyarmu, mutum biyu suna so. Dogo, wanda ya kā da kowa a kokawar bikin Uhola, da Audu ɗan siriri, wanda in an gama kunya yake komawa baya yana jera duwatsu a bakin gangare. Ka ja ni gefe ka ce, "Bawa, muna da bijimai huɗu a gaba. Wa zai rufe bayanmu?" Na ce da kai tsoro ke damunka. Na ɗauki Dogo.

Gonar surukinka a kan tudu take. Muka gama ta kafin la'asar, 'yan mata na guɗa. Bayan kwana uku aka yi ruwa mai ƙarfi, ya bi ta inda ba a toshe ba, ya kwashe kunyoyin da irin duka zuwa rafi. Baban Ladi ya ƙara maka shekara guda kafin ya ba ka ita. Na ce ruwa ne. Shekara hamsin da ɗori ina cewa ruwa ne. Kai kuma ba ka taɓa gyara mini ba, sai dai in mun wuce tudun ka ce, "Ruwan nan ya san hanya."

Sai na ce wa Saratu ta turo mini yaran a lokacin da ƙwallon ba ta wajensu, kuma a wasan da aka riga aka cinye su. Ta yi dariya, ta ce hotunan da ba mai so ke nan. Jiya na zauna ƙarƙashin mangwaro na kalla har wayar ta yi zafi. Mai cin raga, in aka ƙwace masa, yakan ɗan tsaya yana kallon sandarsa. Ɗayan kuwa kansa ba ya zama. Yana waiwaye, yana nuna wa ɗan'uwansa wurin da aka bari, yana komawa baya tun kafin a taho. Audu ne sak, sai dai fari.

Ba zan yi maka ƙarya ba, zuciyata na wajen mai cin raga har yanzu. Kuma Saratu ta ce irin ɗayan sukan yi jinkirin nuna, sai a yi shekara biyu uku ba a ga amfaninsu ba. Ni ban taɓa taka ƙanƙara ba, wadda na sani ta cikin ruwan leda ce. Da kana nan da na tambaye ka ko gona da ƙanƙara hali ɗaya ne. Ina jin na san amsarka, har da yadda za ka tauna goro kafin ka ba ni ita.

Allah ya ji ƙanka, ya sa ka cikin salama. Ya ba yarinyar nan baki a gaban manya.

Gobe da sassafe zan hau dutsen bayan coci, inda waya ke kamawa, in aika mata da murya cewa na janye maganata, ta gaya masu su rufe bayansu. In na sauko zan bi ta gidanka. Ladi na nan, kunnenta ya yi nauyi, sai na ɗaga murya har maƙwabta su ji. Zan ce mata shekarar nan da ta jira, ba ruwa ba ne. Ni ne.

Abokinka mai taurin kai,
Bawa, Zuru