Amerikana, Wadda Ba Ta Taɓa Taka Amurka Ba

Uwargida Aspasiya,

Don Allah ki agaza mini da shawara kafin in aikata abin da za a daɗe ana labarinsa a garinmu. Ba zan faɗi sunana ba. Ko na faɗa ba zai amfane ki ba, don mu uku ne masu shi, har da sunan dangi. Kin san al'ada, kowane ɗa sai ya mayar da sunan uwarsa, kakarmu kuwa maza uku ta haifa. Don a bambance mu, akwai Doguwa, akwai Ta Bakin Rijiya, ni kuma Amerikana.

Babana ne ya je Shikago ta Amurka wanke kwanuka a gidan abincin wansa, ya tafi da mamata da tsohon ciki. Sanyi da halin wan nasa suka koro su ina jaririya. A ciki na shiga ƙasar, a kafaɗa na fito, tafin ƙafata bai san ta ba. A cocin garinmu aka yi mini baftisma. Yau shekarata hamsin da uku, ina koyar da tarihi a sakandare, ban taɓa riƙe fasfonsu ba. Ina firamare na fasa wa wani yaro baki saboda laƙabin nan, bai hana shi bi na ba.

Ni na tara matan garin muka kafa ƙungiya. Muna busar da ɓaure, muna murza taliya, muna ɗura man zaitun, kayanmu har Atina, babban birnin ƙasarmu. Ni na sha zaryar rajista lokacin da maza suke mana dariya a gidan shan gahawa. Ni ce shugaba, ni da ma'aji muke sa hannu a asusu.

Sai ga banki ya rubuto, wai katin shaidata ya nuna Amurka aka haife ni, don haka in kawo lambar harajin Amurka, in ba haka ba suna iya taƙaita duk asusun da hannuna yake kai. Banki bai san laƙabi ba, mai kai wasiƙa ya miƙa wa Doguwa. Baiwar Allah sai da ta karanta har sa hannun manaja kafin ta lura ba tata ba ce. Yanzu tana bi gida gida tana cewa Amurkawa za su ƙirga mana ɓaure ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya tana tambaya ko gaskiya ne za su zo su ɗauke tukunyar ƙungiya. An sa taro Lahadi ta sama bayan an tashi daga coci, za a nemi in sauka. Doguwa har ta je gyaran gashi.

Na zauna da ƙamus na karanta dokar Amurkawan. Ashe gaskiya ne. Duk wanda ya yi kukan farko a ƙasarsu nasu ne, kuma ko a ina yake zaune sai ya riƙa gaya musu abin da yake samu. Mutanen da nake koya wa yara cewa sun zubar da ganyen shayi a teku don kada a karɓe musu haraji daga ƙetare! In kuma na ce ba na son zama 'yar ƙasarsu, sai na je ofishin jakadancinsu na biya, wato in biya kuɗin mayar da kayan da ban saya ba.

Mamata tana ta kuka wai da ta sani da ta matse ni har ta dawo gida. Mijina Lefteris ya ce in bar wa Doguwa kujerar a huta. Ba zan bari ba. Ba zan nemi lambar kowa ba, ba zan sauka ba. A takardar bankin an tambaya ko ni 'yar Amurka ce, hannuna yana ƙaiƙayi in rubuta a'a, don ban san wata gaskiya da ta fi wannan ba. In rubuta?

Taki cikin fushi,
Wadda aka laƙaba wa ƙasa

*

'Yar'uwa,

Kada ki rubuta. A'ar nan gaskiyar zuciyarki ce, amma katinki yana faɗin wani abu dabam, kuma shi banki yake karantawa. Yau ke mace ce da ba ta sani ba, doka tana sassauta wa irinki. Ranar da kika sa hannu a kan a'a kin zama wadda ta sani ta ɓoye, kin kuma miƙa wa Doguwa sanda da hannunki.

Fushinki yana kan hanya, ban ce ki haɗiye shi ba. Amma matan nan ma ba su yi hauka ba. Guminsu ne a asusun. In aka taƙaita shi ana tsakar kakar ɓaure, ba Amurka ce za ta rasa kuɗin kwalabe ba, tsohuwar nan mai tsoron tukunya ce. Tsayayyar da wasu za su biya kuɗinta ba jarumta ba ce.

Ga abin yi. Cikin makon nan ki nemi akanta wanda ya san harajin ƙasashen biyu, ba na garinku mai cike takardun gona ba. Akwai hanyar da aka tanada don waɗanda ba su san suna da wannan nauyi ba. Sau da yawa mai albashi irin naki, wanda yake biyan haraji a nan, ba ya tashi da bashin komai, sai wahalar takardu da ladan akanta. Ban ga lissafinki ba, don haka ban yi miki alkawari ba. Ki tambaye shi musamman a kan ƙungiya. Bayyana asusun da kike sa wa hannu daban, biyan haraji a kan kuɗin cikinsa daban, amma ki sa ya rubuta miki yadda abin yake a kanku. Ki kuma sanar da banki a rubuce cewa kin fara neman lambar.

Ranar Lahadi kada ki jira a tuhume ki. Ki fara miƙewa, ki karanta musu wasiƙar da bakinki, tunda dai duk sun ji ta a bakin wasu. Ki nemi taro ya ba wata sa hannun na ɗan lokaci, in tsarinku ya yarda, ke ki ci gaba da shugabanci. Alƙalami aka tambaya, ba kujera ba. In Doguwa tana son aiki, ga layin banki nan, ta je ta nuna gashin.

Batun ajiye zama 'yar ƙasar kuwa, ki yanke shi bayan kin huce, ki kuma sani ba ya share shekarun baya da kansa. Ki lallashi mama, ba ta yi laifi ba.

Laƙabin dai ki haƙura. Ko kin dawo daga ofishin jakadanci da takarda mai hatimi, Amerikana za a kira ki har a makabarta. Ba Amurka ce ta ba ki shi ba, mutanen garinku ne, kuma ba sa laƙaba wa baƙo suna.

Allah Ya ba ki sa'ar taro, Ya sa ɓauren bana ya yi zaƙi.

Aspasiya