Tsawon Igiyar Kulu

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Jiya mun yi wasa a Birni, bikin ɗiyar wani tela. Sau biyu na kauce wa kiɗa. Sau biyu! Ni Yakuba, da na shekara talatin da huɗu riƙe da gitar bas a orkes ɗin Ɗan Azumi, ƙungiyarmu ta makaɗa. Kuma na san mai laifin: wayar nan ce da ke haɗa gitar da ampili, akwatin ƙara sauti. Tsiii take yi ba hutawa, sannan ta cinye haƙoran sauti, ya fito a dunƙule kamar ana magana cikin tulu. Da wannan ƙarar a kunne, ta ina mutum zai ji inda mai ganga yake?

Da aka tashi, Ɗan Azumi ya ja ni bayan mota. Bai dube ni ba, takalminsa yake kallo. Ya ce, "Bon, Yakuba, ni da kai ba ta ɓaci. Amma mutane sun fara magana. Ran biyu ga watan gobe akwai bikin Gaffati. In aka sake irin ta yau, Nazir zai riƙa yi mana bas da hannun hagu a piyano." Hannun hagu. Aikin rayuwata kenan, a hannun da ko tuwo ba a ci da shi. Na ce masa waya ce. Ya ce, "To, sayi waya."

Bikin kuwa na Salamatu ne, ɗiyar ƙanen matata Kulu. Wato a gaban surukaina za a yanke mini hukunci.

Litinin, 7 ga Oktoba

Kulu ta ce sau uku ta kira ni cin tuwo. Sau ɗaya na ji. Tun da ta fara tsufa take magana ciki-ciki, amma wa zai gaya mata?

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na hau kabu-kabu zuwa Zango, shagon Tijjani Bakano mai kayan sauti. Ya zubo mini wayoyi masu kala-kala, na ce ya mayar, irinsu shida ke rataye a ƙusar ɗakina. Araha ba ta ado. Na zayyana masa abin da nake so: mai kauri kamar ƙaramin yatsa, jan ƙarfe zalla a ciki, an yi masa riga ta saƙaƙƙen ƙarfe mai tare ƙara, sannan kawunan biyu na ƙarfe ne masu warwarewa, ba na roba da aka narka a kai ba. Kuma metir uku, kada ta wuce. Duk mai bas ya san doguwar waya kan sha sauti a hanya.

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai kai ka fi masu kamfanin sani." Ya ce mako mai zuwa zai shiga Kano, zai zo da ita. Yaron kirki ne, sai dai shi ma yana haɗiye rabin maganarsa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na goge Giwa da man gyaɗa kaɗan a tsumma. Haka nake kiran gitar tawa, don nauyinta da muryarta. Fentin wuyanta ya goge daidai inda babban yatsana ke zama.

Ina gogewa na tuna shekarar da nake neman Kulu. Ina zuwa Gaffati a keke, in tsaya bayan dangarsu kamar mai gyaran sarƙa, alhali dakanta nake saurare. Tana da wata al'ada, in ta buga taɓarya sau uku sai ta jefa ta sama ta tafa hannu. Daga nan na ɗauko tafiyar bas ɗin waƙarmu ta amarya, wadda har yau mata ke nema a kowane biki. Ɗan Azumi yana gaya wa mutane a mafarki na samo ta. Ban taɓa gyara masa ba.

Kulu ta tafi Gaffati tun safe, shirye-shiryen biki. Gidan ya yi mini faɗi.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ta dawo da ƙullin kuka, da fura, da wata tsohuwar igiyar guga duk ta tsintsinke. Na ce gadon gidanku kenan aka raba? Ta ce, "Malam, ci furarka." Ta cusa igiyar a jaka ta fita unguwa, ba ta ce ina ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na sauko da wayoyin shida, na buɗe kawunansu, na sake liƙe su da dalma ɗaya bayan ɗaya. Har na ƙona yatsa. Na jona kowacce a ampili: tsiii. Dukkansu. Na kira Kulu ta zama shaida. Ta sunkuya ta kara kunne a jikin ampili, ta daɗe, sannan ta miƙe ta ce, "Ni ban ji komai ba." Na ce to ki je a duba miki kunne. Ta yi mini wani irin kallo. Ta kawo mini man kaɗe na shafa a yatsan.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Gwaji a tsakar gidana bayan la'asar. Na yi wa Sha'ibu mai ganga faɗa, na ce ƙaramin farantin ƙarfen nan na gangunansa shafa shi yake yi ko bugawa? Ya ce, "Haba Yaya, hannuna har ciwo yake." Nazir ya duƙufa a kan piyanonsa. Ban ƙi mutumin ba, yana da ladabi, kuma yatsunsa sun san aiki. Abin da ya fi ba ni haushi kenan.

Amma daga waƙa ta uku ban sake kaucewa ba. Kulu ta fito ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da maficinta, tana ɗan buga shi a gwiwa. Shekara talatin ba ta taɓa zama kallon gwajinmu ba, kullum cewa take muna hana kajinta ƙwai. Na ji daɗin ganinta, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Waya ta iso. Kyakkyawa ce, baƙa, mai nauyi a hannu, in ka naɗe ta sai ta kwanta lum ba gardama. Kawunan suna shiga da ɗan ƙas mai daɗi. Sai na fara warwarewa. Na warware, na warware, har ta fita ƙofar shago. Metir goma!

Na ce Tijjani, da wane yare na yi maka magana? Ya ce, "Wallahi Baba, Hajiya ce ta zo. Da wata igiyar guga ta zo, ta ce ka sake shawara, tsawon wannan kake so. Na auna, goma ba kaɗan."

Na dawo gida ina huci. Ta bar ni na gama tas, tana tsince wake. Sannan ta ce, "Akuya ma in igiyarta ta yi gajarta, ba ta kai wa ga ciyawa." Na ce ni ne akuyar? Ta ce, "Ni ban faɗa ba." Matar da ba ta san inda ake kunna ampili ba, ita ce ke zaɓa mini waya. Ban ci tuwon dare ba. To, na ci kaɗan.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na jona sabuwar. Sha'ibu ya ce tunda yake bai taɓa jin Giwa ta yi magana garau haka ba. Nazir ya ce ko numfashi babu a ampili.

Tsiii ɗin yana nan.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na je Gaffati taya Ali, uban amarya, kwasar dammunan hatsi, don a share fili kafin biki. Da rana ta take muka zauna a gindin gawo a tsakiyar gona. Ba mota, ba gurup mai ba da wuta, ba ko salula, tawa na bar ta a gida. Sai ga shi. Tsiii, siriri, daidai irin na ɗakina.

Na ce, Ali, gyare ya yi yawa a gonarka bana. Ya ce, "Gyare da tsakar rana, Yaya?" Ya saurara, ya girgiza kai.

Babu wuta a gonar nan. Babu waya.

Ban iya shanye furar da aka kawo mana ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kwana biyu ban taɓa Giwa ba. Tsoro nake ji, gaskiyar kenan. Na yi niyyar in je in ce wa Ɗan Azumi ya ba Nazir kawai, in tsira da mutuncina, in ce yatsa ne bai warke ba.

Ina saka hula Kulu ta zagayo ta gabana, ta dafa kafaɗata, sannan ta yi magana. A nan na lura. Haka take yi kullum yanzu: sai ta zo gabana, sai ta taɓa ni, sai na dubi bakinta. Tun yaushe? Na kasa tuna ranar ƙarshe da ta yi mini magana daga madafa na amsa.

Ta ce, "Ina zuwa?" Na faɗa mata. Ta cire hular daga kaina ta rataye. "In ka ajiye Giwa, ni zan ɗauka ran Asabar in kunyata ka a gaban dangina. Da tsohuwar zuma ake magani, Malam. Kai dai in abu ya rikice, ka nemo ni." Na ce ke da za ki zauna gefen amarya cikin gwaggonni, ina zan gan ki? Ta ce, "Ka dai nemo ni."

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Bari in rubuta tun ban manta ba.

An ajiye mu a gindin dogon yaron ƙofar gidan surukaina, don shi kaɗai ne inuwa. Amarya da gwaggonninta suna kan tabarmi can ta bayan rumbu, inda ba ma ganinsu. Kulu ba ta da damar tashi, ita ce babbar gwaggo. 'Yan mata sun cika fili, gurup yana ta ruri a baya.

Waƙa ta farko na lallaɓa, ina satar kallon ƙafar Sha'ibu. Ta biyu ma haka. Sai aka nemi waƙar amarya, jama'a suka taso suka shiga tsakanina da ganguna. Ƙafar ta ɓace mini. Komai ya zama guuu, da tsiii a samansa. Na ji a jikina na fara zamewa. Na ga wuyan Ɗan Azumi ya juyo. Na ga hannun hagun Nazir ya tashi daga cinyarsa, ya tsaya a saman piyano, bai sauka ba tukuna. Allah ya yi wa mutumin nan albarka, ya jira.

Sai na taka. Ban taɓa matsawa daga gaban ampili ba a rayuwata, metir uku ne duniyata. Na ratsa 'yan rawa, waya tana warwaruwa a bayana, yara suna tsallake ta. Na wuce turken awaki. Na kai kusurwar rumbu, sai na ji waya ta ɗan ja ni, ta ƙare. Daidai nan. Taku ɗaya baya, rumbu ya tare. A nan kuwa ga tabarma, ga amarya a lulluɓe, ga Kulu cikin shuɗin lesinta tana kallon kusurwar nan kamar mai jiran baƙo.

Mafici a hannunta. Ɗaya, biyu, uku a gwiwa, sai ta ɗaga shi sama. Ɗaya, biyu, uku, sama. Dakanta ne na bayan danga.

Na hau kai na zauna daram. Ban ji farantin Sha'ibu ba har aka gama, ban kuma nema ba. Mata suka ɗauka gwaninta ce na zo yi wa amarya, suka ɓarke da guɗa, wata tsohuwa ta tashi ta taka rawa da sandarta. Sau uku aka maimaita waƙar. Idona ya yi ruwa, na bar su a kan zufa ce.

Da muna naɗe kaya Ɗan Azumi ya ce, "Kai, wannan waya ta yi! A ina ka samo?" Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ina jin ya sani. Ina jin dukkansu sun sani, ni kaɗai aka bari da ƙusa da wayoyi shida.

A mota na tambayi Kulu igiyar gugar. Ta ce daga gindin bishiya ta ja ta zuwa rumbu, Ali yana riƙe da ɗaya bakin yana tambayarta ko rijiya za ta haƙa. Na ce da kin gaya mini. Ta ce, "Da ka ji?" Ban san ta wace fuska take nufi ba, ban kuma tambaya ba. Hannunta na dama ya kumbura kaɗan. Ni na shafa mata man kaɗe yau.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na ba Nazir tsofaffin wayoyin. Ya gwada su ya ce duk lafiyarsu lau. Na ce to, ya riƙe, ni doguwa ta fi mini.

Kulu ta ce ran Alhamis lokotoron kunne yana ganin mutane a babban asibiti, wai tana so a duba ta, tunda na ce ba ta jin ƙarar ampili. Na ce zan raka ta. Ba kyau mace ta je asibiti ita kaɗai.

Na fitar da katin shaidata na sa a aljihun riga, ko za su tambaya.