Faɗa Mini Da Sauri, Aila

Zuwa ga Aila, sanyin idona, hasken da ke fara taɓa ruwan tafkinmu kafin garin Thunder Bay ya farka, muryar da kunnena ya ƙi saki bayan ya saki sauran duniya,

Ina gaishe ki da zuciyar da ta kwana biyu ba ta zauna wuri ɗaya ba. Na ɗauki biro ne don yanzu ko a waya ko ido da ido ba na gane ki.

Kin san shekara ashirin da shida a gaban injinan masana'antar takarda sun cinye mini rabin ji. Kalmomi guntu-guntu suke iso mini, kamar fasasshen faranti. Amma ke ban taɓa buƙatar kalmominki duka ba. Kiɗan maganarki nake bi: inda kike hawa, inda kike gangarowa, inda kike haɗiye wutsiyar kalma don kina saurin kaiwa ga dariya. Kin tuna ranar da muka haɗu a gidan fanke na bakin tashar jiragen ruwa, cokula na ƙara, injin kofi na huci? Kika tsaya a kaina kika ce, "Kai mai hular nan, kujerar gadon kakanka ce, ko mutum zai iya zama?" Na rantse kalma uku kawai na kama, amma tsokanar ta iso mini cif, na ja miki kujera ina dariya.

To me ya faru, abar ƙaunata? Tun watan jiya kin koma yi mini magana ɗaiɗai. "Wendell. Ka. Ci. Abinci?" Kowace kalma a tsaye ita kaɗai kamar turken shinge, baki a wangale, murya a sama. Haka masu kantin magani ke yi mini, kuma ke da kanki kin sha ce musu, "Kunnensa ne ya yi nauyi, ba kansa ba." Kin fi kowa sanin cewa in aka yayyanka magana kiɗanta ya mutu, ni kuma na ɓace a tsakiya.

Mutum ba ya canja takun maganarsa haka kawai, a bakin wani yake ɗaukowa. Kuma na san mai irin wannan takun: Gauthier, mai saita mini na'urar kunne, mai murmushin nan da ba ya ƙarewa. Sau biyu kina cewa in jira a mota, za ki koma ki tambaye shi batun batir. Minti ashirin, Aila? Batir nawa ne a kunnen mutum ɗaya? Ranar Lahadi kuma na tambaye ki ko aurenmu na nan a watan Yuni, kika ce eh. Amma kafin eh ɗin akwai ɗan shiru, tsawon bugun zuciya ɗaya, wanda da babu shi. Ni da shiru mun daɗe tare, na san tsawon kowanne.

Ko dai ya gaya miki wani abu game da kunnena da ya ɓoye mini? Sauran jin ma tafiya zai yi, shi ya sa kike tausaya mini? Ko kuwa shi kika fara saurara, ni kuma kina lallaɓa ni kafin ki ajiye? Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Ina kishi, ina jin kunyar kishin, kuma ina son ki fiye da ranar kujera.

Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zan zauna a teburinmu na jikin taga a gidan fanken nan. Ki zo, farin cikina, ki yi mini faɗa a kan wannan takarda, ki kira ni tsoho mai zargi, amma da saurinki na da. In har yanzu ni ne a zuciyarki, zan ji tun a numfashin farko. In kuwa barina za ki yi, alfarma ɗaya nake roƙo: kada ki faɗa ɗaiɗai. Ki faɗa da gudu, da ainihin muryarki, don kada in yi miki murmushi in gyaɗa kai, kamar yadda nake yi wa duk wanda ban gane ba.

Naki, da kunne ko babu, har numfashina na ƙarshe,
Wendell