Shanun Huɗar Baba

Legas, Mayu 2009

Zuwa ga Zinatu, sanyin idona, inuwata a tsakiyar bazara, ɗiyar mutunci wadda sunanta kaɗai ke kwantar min da hankali.

Ina yi miki sallamar wanda kewa ta cinye. Ki gaida Inna. Baba kuwa, mahaifinki, ban san ko gaisuwata za ta shiga kunnensa ba, amma don Allah ki kai masa.

Saura kwana goma sha biyu in zauna jarrabawar nan, wadda in na ci za a ba ni lasisin nazarin hannun jari, in riƙa rubuta wa mutane abin da za su saya da abin da za su guje wa. Wata huɗu ke nan kaina na cikin littattafai. Lissafi bai ba ni tsoro ba, rabin raina. Babi na tara ne ya karya ni, babin ladubban aiki. An ce kada marar lasisi ya ba kowa shawara, kada kuma a sa mutum ya zuba abin da in ya salwanta gidansa zai girgiza. Wayyo ni! Duk sanda na buɗe shafin nan ba rubutu nake gani ba, Goje da Fari nake gani, shanun huɗar Baba.

Kin tuna ranar da aka kora su kasuwar Gummi, shekara biyu da suka wuce? Kika tsaya a bakin zaure da ragowar harawa a hannu, ke da kika raine su tun suna maruƙa, idanunki cike da ƙwalla. Ni kuma, uban iyayi, ɗan koyo da wata uku kacal a ofis, ina yi miki dariya, ina kaɗa takardar hannun jarin bankin da na sa shi ya zuba kuɗinsu a ciki, ina rantsuwa kafin baɗi Baba zai sayi huɗu. Wa ya aike ni? Baba bai yarda da takarda ba, da ni ya yarda, don ni ne zan auri ɗiyarsa.

Kasuwar hannun jari ta faɗi, takardar nan yau ko akuya ba za ta saya ba. Kin rubuto cewa bara da galmar hannu ya yi huɗa, shi kaɗai, dattijo mai ciwon baya, rabin gonar ta kwana ba a noma ba. Kin ce tun daga nan bai sake ɗaga zancen aurenmu ba, in an ambace ni sai ya tashi ya ɗauki buta. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi! Shirun nan nasa shi ke hana ni cin abinci.

Ya ke farin watana, ina tsoro. Ina tsoron in ci jarrabawa in rasa ki. Me lasisi zai yi min in ba ke? In rataye shi a bango in riƙa gaishe shi da safe?

Abokan karatuna suna cewa in manta, kasuwa ce, kowa ta taɓa. Ba su san ƙasarmu ba. Ba su taɓa ganin hadari ya haɗu a gabas, mutum na tsaye a gonarsa babu sa ko ɗaya ba.

Ga abin da na yanke. Ran Asabar ta sama zan rubuta jarrabawa, ran Lahadi in hau mota, ba zan jira sakamako ba. Na nemi hutun wata guda, in sun hana, su riƙe kujerarsu. Ba zan zo wa Baba da bayani ba, bayanina ne ya kai shi inda yake. Ki roƙi Inna ta gaya masa ya sa maƙeri ya gyara galma ta biyu. Hannuna ya yi laushi da biro, na sani, zai yi kanta, zai fashe. Ya fashe ɗin. Zan bi bayansa kunya bayan kunya har sai ya juyo ya kira sunana.

In bai juyo bana ba, zan dawo baɗi. Ke dai kada ki gaji da ni, Zinatu.

Naki, wanda ba shi da wata sai ke har a rufe shi da ƙasa,
Abdulwahabu