Harsashi Mai Ƙamshin Almiski

Zuwa ga Yaya Ɗanlami,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma, in saƙona ya iso daga Makka ba takardar kake fara dubawa ba, sai ka laluba jakar ka ji ko da kwalba.

Bari in fara da yabo, tunda kowa yabonka yake yi. Ban taɓa ganin ɗan sandan da ya san ƙaramar bindiga kamarka ba. Shekarar da ka zo Hajji, mutane suna zikiri a tantin Mina, kai kana ba alhazai darasi. Mai lamba arba'in da biyar ka ce jaki ce, nauyi a ƙugu, shuri a hannu, kafin ka saita harbi na biyu an gama da kai. Mai lamba tara ta yaran zamani ce, cikinta yana ɗaukar da yawa, amma ƙura kaɗan sai ta shaƙe. Kai dai taka mai juyi, talatin da takwas, harsashi shida. In ɗaya ya ƙi, ka sake ja, na gaba ya zo. Har harsashin ka rarrabe musu: wani yana ratsa ɓarawo ya sami mai tallan gyaɗa a bayansa, mai rami a baki kuwa yana tsayawa inda aka aike shi. Duk wannan a ƙasar da ko ciyawa ba a tsinka. Madalla da ilimi.

Mu a unguwar Hindawiyya muna nan. Shagon turare yana tafiya. Yarana Larabci ya cinye musu Hausa, in na ce kawunku ɗan sanda ne sai na ƙara da shurɗi kafin su gane.

Labarin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗanka Mansur yana gidana. Ya zo Umara, jibi zai koma. Ya shiga aikinka, Yaya, kuma an tura shi caji ofis ɗin bakin dajin nan, kan hanyar da aka tare ka. Mai lamba tara aka ba shi, yana jin kunyarta saboda kai. Jiya ya zauna a shago yana duba kwalabe, ya roƙe ni irin almiskin da nake aiko maka. Wai yana so ya riƙa yin yadda kake yi kowace Juma'a, ya zazzage harsasai a kan darduma, ya shafa wa kowanne man turaren Makka tun daga baki har gindi, don albarka. Murfin da ke hannuna ya faɗi. Na ce masa ya ƙare, alhali ga shi jere a bayan kansa.

A gida an gaya musu harsashinka ne ya ƙare, ka yi ta maza har ƙarshe. Haka matarka ta sani, haka Mansur yake faɗa yana ɗaga ƙirji. Ni ma haka na sani, sai da Kofur Isa, abokin aikinka, ya zo Hajji bara. Ya shigo sayen tsaraba, na buɗe masa kwalbar almiski, ya kawar da kai kamar na mare shi. Shi ya ɗauko bindigarka daga ƙasa. Ya ce shidan suna ciki, kowanne da sarar allurar bindiga a gindinsa, babu wanda ya tashi. Ka ja har ta zagayo. Man turaren ya daɗe yana tsuma su, ga shi ka ƙi musanya su da sababbi, wai waɗannan ka sani. Ya ce ƙamshin ya kwana biyu a hannunsa.

Me ka yi tunani a ja na uku? A na biyar fa? Ka gane, ko ka tafi kana zargin kamfanin da ya ƙera su?

Ka taɓa gaya mini wannan al'ada taka, ban manta ba. Dariya na yi, na ƙara maka kwalba. Ni turare na sani, na ɗauka duk abin da aka shafa wa yana ƙaruwa ne. Kai ne mai lambobi.

Kofur Isa ya sa na rantse ba zan faɗa ba, don darajarka. Azumin kaffara kwana uku ne, zan iya. Gobe bayan La'asar zan rufe shago, in zaunar da Mansur, in gaya masa komai. Wataƙila ya daina gaishe ni. Wataƙila ya kai wa uwarsa, ta ce na tone kabarin ɗan'uwana. Gara ya ƙi ni yana numfashi. Zan ce ya bar harsashi a bushe, ya karɓi sabo in an bayar, almiskin ya shafa a gemu kamar kowa.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Zan yi maka ɗawafi in ya tafi. Amma kai da ka san arba'in da biyar, ka san tara, ka san talatin da takwas, wace lamba ce take tashi in an jiƙa ta da turare?

Ƙanwarka mai shagon turare,
Rabi