Taku Biyu Baya

Litinin, 3 ga Maris

Uku da nema aka yi mana jiya. Duka ukun ɗan gabansu ya tsere, daga shi sai gola. Golan kuwa Auta ne, ƙanina, ni na kawo shi kulob ɗin nan da hannuna. 'Yan kallo sun bi motarmu suna kiransa Rariya. Ni har tafi aka yi mini don na kwanta na share ƙwallo sau biyu. Shekara goma sha ɗaya ina buga lamba biyar, sun saba yabona, ba sa ma dubawa.

Laraba, 5 ga Maris

Sabon koci ya zo atisaye da igiya, irin ta shanya. Ya ɗaure mu huɗun baya a ƙugu, wai mu riƙa gaba da baya tare a layi ɗaya. Na ce masa ni ba akuya ba ne. Ya ce, "Kyaftin, ƙwallo kawai kake kallo, ba ka duba inda 'yan uwanka suke." Mutumin da bai taɓa buga wasan da aka sayi tikiti ba, shi zai koya mini tsayuwa.

Alhamis, 6 ga Maris

Igiyar ta goge mini ƙugu. Na duba sauran ukun, ba wanda ta goga.

Lahadi, 9 ga Maris

Biyu da ɗaya aka ci mu. Muna fitowa wani ya jefi Auta da kwalba, ɗinki huɗu a gira. Inna ta kira ni a waya. "Kana tsaye aka fasa wa ƙaninka kai?" Na ce ban gani ba. Ta ce to ina amfanin girman nawa.

Talata, 11 ga Maris

Koci ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya kunna bidiyon wasannin biyu. Duk ƙwallon da aka ci mu sai ya tsayar da hoton. Mutum uku a layi, ni taku biyu a bayansu. Da ina kan layin, da satar gida ce, alƙali ya busa. Ƙwallo biyar, sau biyar ga ni nan a baya kamar an dasa ni.

Ya tambaye ni dalili, na ce sabo ne. Ƙarya nake. Tsoro ne. Tun da aka yi mini aiki a gwiwa na san ba zan iya tsere da 'yan shekara ashirin ba, sai nake ja baya tun kafin a bugo, don kada a wuce ni a bainar jama'a.

Ya ce shugabanni sun yanke a sallami Auta ƙarshen wata, kuma bai nuna wa kowa bidiyon ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Wallahi na tsani mutumin nan.

Alhamis, 13 ga Maris

Auta ya zo gida da filasta a gira. Ya daɗe yana wasa da 'yata kafin ya ce, "Yaya, ƙila gaskiyarsu ne, ƙila ban iya ba." Na ce ya bar zancen banza.

Sai da ya tafi abin ya faɗo mini. A bayana yake tsayuwa minti casa'in, babu takuna da bai gani ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko ni. Ban iya cin abincin rana ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ba abin rubutawa.

Lahadi, 16 ga Maris

Jiya na ce wa koci ya sa bidiyon a gaban kowa, har da shugaban kulob. Ba wani abu ba ne, gajiya na yi da kallon da kocin yake mini. Ni na riƙa cewa a tsayar, ina nuna kaina da yatsa.

Yau a benci na zauna, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Canjaras, ba ci. Sau shida aka kama abokan karawarmu da satar gida. An bar Auta zuwa ƙarshen kaka, ni ba a ce mini komai ba, ban kuma tambaya ba.

Da aka tashi 'yan kallo sun tsaya suna yi wa gola tafi. Na bi ta tsakiyarsu da jakata, ba wanda ya waiwayo.